Neman Gidan Haya na Iyali a Abuja: Abin da Wayarka Za Ta Auna Maka Kafin Ka Ba Dillali Kuɗi

Da aka yi wa yayana canjin wurin aiki zuwa Abuja, ni ya ɗora wa aikin nema masa gida. Dalilinsa shi ne wai ni ne mai danne-dannen waya a gidanmu. Yana da mata da yara uku, saboda haka ɗaki uku da falo yake so. Sai kuma ya ƙara sharaɗi guda: yara su iya zuwa makaranta da ƙafa, uwarsu kuma ta iya fita sayen kayan miya ba sai ta jira ya dawo da mota ba.

Dillalin farko da na karanta wa wannan sharaɗi dariya ya yi, ya ce, "Ƙanina, nan fa Abuja ce, ba Fagge ba." Yana da gaskiya a wani ɓangaren. An gina Abuja ne da mai mota a zuciya. Sai dai akwai unguwannin da iyali za su iya rayuwa da ƙafarsu, kuma wayar da ke hannunka za ta taimaka maka ka gane su tun kafin ka ƙona ko lita ɗaya ta mai. Inda wayar take ƙarya ma zan faɗa, domin ta yi mana sau da yawa.

Me ya sa maganar tafiya a ƙasa ta zama maganar kuɗi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lissafin zama a Abuja ya canja. Da can mutum yakan kama gida mai sauƙi a Mararaba ko Nyanya ko Kubwa ko Lugbe, ya ce ai kuɗin mota ba wani abu ba ne. Yanzu kuɗin motar ya zama haya ta biyu, wadda ake biya kullum safe da yamma. Ga mai iyali abin ya fi nauyi, don ba shi kaɗai ke fita ba: akwai kai yara makaranta, da ɗauko su, da Islamiyya, da asibiti, da kasuwa.

A cikin gari kuwa babu acaɓa, tun 2006 aka hana su. Keke-napep ma akwai manyan titunan da ba a barinsa ya hau. Wanda ba shi da mota, ko wanda motar gidan ɗaya ce kuma mai gida ya fita da ita, zaɓinsa biyu ne: tasi ko ƙafa. Tasin da ake tarewa a bakin titi kuwa kowa a Abuja ya san fargabar 'yan wan-cans. Wannan ne ya sa yayana ya nace. Ba son motsa jiki ba ne ya dame shi.

Ina irin waɗannan unguwanni suke?

Tsarin birnin Abuja da wani kamfanin Amurka ya kammala a 1979 ya raba garin zuwa gundumomi, kowace da ƙananan unguwanni, kowace unguwa kuma an ware mata wurin makarantar firamare da shaguna da asibiti. Inda aka fi bin wannan tsari shi ne kashin farko na birnin, wanda aka gina kafin gwamnati ta tare a Disambar 1991 da kuma 'yan shekarun da suka biyo baya: Garki, Wuse, Maitama da Asokoro. Maitama da Asokoro a bar su ga masu shi. Ga mai albashi, maganar tana kan Garki da Wuse.

Benayen da ke Area 1 zuwa Area 11 a Garki, da na Zone 1 zuwa Zone 7 a Wuse, yawancinsu an gina su ne don ma'aikatan gwamnati da iyalansu. A zamanin Obasanjo, lokacin da Nasiru el-Rufa'i yake ministan Abuja, aka sayar da su ga mazauna ciki da sauran masu saye. Shi ya sa yau za ka ga bene ɗaya mai fulat shida, kowane da mai shi daban, wani ya gyara nasa ya sa tayil da sabuwar taga, na kusa da shi kuma tun fentin farko. Gidajen sun tsufa, amma ɗakunansu na da faɗi, kuma an gina su a inda akwai gefen titi na masu tafiya a ƙasa, da inuwar bishiya, da ruwan famfo daga madatsar Usuma. Babbar kasuwar Wuse tana Zone 5, asibitin gundumar Wuse yana Zone 3, Garki kuma tana da rukunin shaguna a Area 1 da Area 10 da wasu wuraren.

Gwarimpa ita ma tana shiga lissafi, amma da sharaɗi. Unguwar tana da girma ƙwarai. Wanda ke kusa da 1st Avenue ko 3rd Avenue yana da shaguna da makarantu a kusa, wanda ke can ciki kuwa sunan Gwarimpa kawai yake biya wa kuɗi. Sababbin rukunin gidaje masu katanga da ƙofa ɗaya, irin na Lokogoma da hanyar filin jirgi, su ne suka fi kyau a hoto, su ne kuma suka fi wahala ga mai ƙafa.

Fara da makaranta, gida ya biyo baya

Kuskuren da na fara yi shi ne buɗe shafukan tallan gidaje ina kallon hotunan falo. Kwana biyu na ɓata. Daga baya na juya tsarin. Na buɗe Google Maps, na nemi wuraren da iyalin za su riƙa zuwa kullum ko kowane mako, na ajiye su a jeri ɗaya: ofishin Yaya, makarantu uku da matarsa ta amince da su, masallacin Juma'a, kasuwa, kantin magani, da asibiti mai karɓar haihuwa. Da zarar ka ajiye wuri, alamarsa za ta zauna a kan taswira. Sai ka ja baya da yatsu biyu ka ga inda alamomin suka taru. A nan za ka nemi gida.

Duk dillalin da ya ce yana da gida, abu na farko da za ka nema shi ne ya turo maka lokeshan ta WhatsApp, yana tsaye a ƙofar gidan. "Bayan Banex" ko "kusa da Berger" ba adireshi ba ne. Idan lokeshan ya zo, sai ka nemi hanya daga nan zuwa kowane wuri a jerinka, ka matsa alamar ɗan mutum mai tafiya maimakon alamar mota. Manhajar tana lissafi ne da saurin baligi mai lafiya, kusan kilomita 5 a awa ɗaya, wato minti 15 ya kama kilomita ɗaya da 'yan mitoci ɗari biyu. Wannan minti 15 ɗin shi ne ma'aunin da masu tsara birane ke yawan ambata. Wani malamin jami'a a Paris, Carlos Moreno, shi ya yaɗa ra'ayin birnin da duk buƙatar mutum take cikin tafiyar minti 15, har magajiyar garin Paris ta lokacin, Anne Hidalgo, ta yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2020. A Amurka akwai shafin Walk Score da ke ba kowane adireshi maki daga 0 zuwa 100 a kan haka. Mu a nan da hannu za mu yi namu lissafin.

Ni dai abin da na riƙe: makaranta da kantin magani da mai kayan miya kada su wuce minti 10 a taswira. Kasuwa da asibiti su iya kai 20.

Inda taswira ke yin ƙarya

Akwai wani gida da na so ƙwarai. Taswira ta ce minti 12 ne zuwa makaranta. Da muka je da Yaya da babban ɗansa mai shekara 8, muka taka da ƙafa, sai da muka yi minti 25. Yaro ba ya tafiyar baligi, wannan ɗaya. Na biyu, layin shuɗin da manhajar ta zana ya ratsa babban titi mai hannu biyu, babu gadar masu tafiya a ƙasa, babu fitilar ba da hannu. Muka tsaya a tsakiyar titi a kan ɗan dakalin da ya raba hannayen, motoci na wucewa gaba da baya. Yaya ya dube ni ya ce, "Nan kake so yarana su riƙa tsallakawa kullum?" Ban ce komai ba.

Google Maps ta san tsawon hanya, amma ba ta san cewa gefen titin ya zama wurin ajiye motoci ba, ko murfin kwalbati ya ɓace, ko ƙofar baya ta rukunin gidajen an garƙame ta tun bara sai an zagaya ta babbar ƙofa. Ba ta san zafin watan Maris da ƙarfe biyun rana ba, lokacin da ake tashi daga makaranta. Street View yana ɗan rage wannan matsala, domin akwai shi a wasu titunan Abuja, kuma za ka iya ganin ko akwai bishiyoyi da gefen titi. Amma ka duba kwanan watan da ke jikin hoton. Wasu hotunan sun yi shekaru, kuma Abuja gari ne da ake wayar gari a ga an tone titi.

Saboda haka wayar aikinta tacewa ne. Daga gidaje goma sha biyar ta rage mana zuwa huɗu. Huɗun nan kuwa kowanne sai da muka taka hanyarsa da ƙafa, sau ɗaya da safe wajen ƙarfe bakwai, sau ɗaya bayan magariba. Na dare ya fi tona asiri: a nan za ka ga ko fitilun titi na aiki, ko akwai mutane a waje, ko layin ya yi tsit irin wanda mace ba za ta so bi ita kaɗai ba.

Idan kuma zuciyarka tana rinjaya zuwa gida mai sauƙi a bayan gari, akwai gwajin da ya kamata ka yi. A Google Maps, bayan ka nemi hanyar mota, za ka iya sa ranar da lokacin da kake son tashi. Sa ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe, daga Mararaba zuwa ofishinka, ka ga abin da za ta ce game da hanyar Nyanya zuwa AYA. Ka sake sa ƙarfe biyar na yamma don dawowa. Ninka da kwanakin aiki na shekara, ka haɗa da kuɗin mai ko na mota na kowa a gidan. Wani lokaci bayan gari zai fi sauƙi duk da haka, musamman ga wanda ke aiki daga gida. Amma ka ga adadin da idonka kafin ka yanke.

Abu ɗaya kuma da hoton tauraron ɗan'adam ke nunawa sarai shi ne rafi. Juya taswirar zuwa wannan yanayi ka duba ko akwai koren layi mai lanƙwasa a bayan gidan. Ambaliyar da ta shanye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe a Yunin 2023 ba ita ce ta farko a wurin ba. Wanda ya duba gida a watan Janairu ba zai ga alamar komai ba, sai dai tabon ruwa a ƙasan katanga idan ya sunkuya.

Hotunan talla da 'yan damfara

Nigeria Property Centre, PropertyPro, Jiji, da rukunonin Facebook da WhatsApp, duk za ka samu tallan gidajen Abuja a cikinsu. Amfaninsu na gaskiya shi ne su ba ka ƙiyasin farashin unguwa. Idan ka ga fulat goma masu ɗaki uku a unguwa ɗaya, ka san inda farashi ya tsaya, kuma duk wanda ya faɗo ƙasa da rabi to akwai magana. Ba kasafai gidan da ka gani a talla yake zama wanda za ka kama ba. Sau da yawa za ka kira a ce "wannan ya tafi jiya, amma akwai wani", kuma wanin ne dama ake son nuna maka.

Kafin ka kira kowa, ɗauki hoton tallan ka sa shi a Google Lens. Sau biyu na yi haka na tarar hoton falon ya fito a wani talla na Legas, ɗaya ma na gidan saukar baƙi ne da ake kamawa da kwana. Wani lokaci kuma gidan na gaskiya ne, amma dillalai huɗu ne suka sa shi da farashi huɗu. Wannan yana nufin akwai sarƙa tsakaninka da mai gida, kuma kowa a sarƙar yana jiran rabonsa.

Nemi kiran bidiyo daga cikin gidan. Ka ce ya fara daga bakin titi, ya shiga ƙofa, ya hau bene, ya buɗe famfo. Mai gidan nunawa ba ya jin nauyin wannan. Wanda ya fara kawo uzurin cewa makulli yana wurin maigadi, maigadi kuma ya tafi gida, amma ka turo kuɗin duba gida don a riƙe maka, to ka rufe hirar. Kuɗin duba gida al'ada ce da ta zauna a Abuja, ba zan ce kada ka taɓa biya ba, amma a ƙofar gidan ake biya, ba ta waya ba.

Ranar dubawa, wayarka a hannu

Masu duba gida sukan ƙwanƙwasa bango su buɗe durowar kicin. Ni abin da na fara yi shi ne buɗe Speedtest a kowane ɗaki, da layi biyu daban. Tsofaffin benayen Garki da Wuse bangonsu na da kauri, kuma hawa na ƙasa wani lokaci sabis ɗinsa sai a bakin taga. Abuja tana cikin garuruwan da MTN ya fara kunna 5G a 2022, amma wannan ba ya nufin zai shigo ɗakin da za ka ajiye teburin aiki. Idan kana tunanin Starlink ko intanet na waya mai shigowa ta bango, tambayi mai gida tun yanzu ko zai yarda a hau rufi ko a huda gini. A bene mai masu gida shida, rufin ba na mutum ɗaya ba ne.

Sai wuta. Duba mita da idonka: mai kati ce, wadda ake ce wa iya kuɗinka iya shagalinka, ko kuwa ta ƙiyasi? Taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka? Ɗauki hoton lambarta, ka tambayi ofishin AEDC ko akwai tsohon bashi a kanta, domin bashin yakan bi mita ne, ana cire shi daga katin da sabon ɗan haya ya saya. Ka kuma tambayi rukunin da layin yake. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit, bisa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. Rukunin B awa 16 ne, C awa 12, haka har zuwa E mai awa 4. Unguwannin cikin gari da yawa suna rukunin A. Wuta za ta samu, amma gida mai yara uku da firji da na'urar sanyaya ɗaki zai ji a jikinsa. Maƙwabci ya fi dillali faɗin gaskiya a kan wannan. Tambaye shi nawa yake sa wa a wata.

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da ba sa cin minti biyar. Manhajar kamfas za ta nuna maka tagogin da ke kallon yamma, waɗanda rana ke dukansu daga azahar har la'asar sakaliya. Idan ɗakin yara ne kuma hawa na ƙarshe, ka sa wannan a lissafi. Manhajar auna ƙara ba ta da cikakkiyar daidaito, amma ta isa ka kwatanta gida da gida, musamman idan akwai otal ko wurin shaƙatawa a layin, ko janareton wani ofishi a jikin katanga. A Wuse 2 wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin gidajen zama da yawa sun koma wuraren kasuwanci. Sannan ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki, da duk wata tsagewa da fashewar tayil, ka tura wa kanka ta imel don kwanan wata ya zauna. Ranar da za ka tashi kana neman a dawo maka da kuɗin ajiyar ɓarna, wannan bidiyon ne shaidarka.

Wani abin kuma waya ba ta auna shi. Benayen nan ba su da lif. Hawa na uku da tukunyar gas, ko da goyo, ko da tsohuwa ta zo daga gida ganin likita, abu ne da sai ka hau ka ji. Kuma duk Bahaushen da ya zauna a Abuja ya san ɗaki na uku ba na yara ba ne su kaɗai. Mai neman biza, mai zuwa intabiyu, mai bin fayil a ma'aikata, duk gidanka ne masaukinsu. Ka ƙirga banɗaki da wannan a ranka.

Kuɗi da takarda

Farashin da ke jikin talla ba shi ne abin da za ka biya ba. Haya ta shekara guda ake karɓa gaba ɗaya, wasu ma su nemi biyu. A kai akwai kason dillali, wanda aka saba kashi 10 cikin 100, da na lauya mai rubuta yarjejeniya wanda shi ma yakan kai haka, da kuɗin ajiyar ɓarna, da kuɗin hidimar gida kamar gadi da kwasar shara. A ce hayar naira miliyan 4 ce, misali kawai, to kafin a zo kan ajiya da hidima ka riga ka kai miliyan 4 da dubu 800. Kason dillali da na lauya ana cinikinsu, kada kunya ta hana ka.

Lokacin biya, ka tura ta banki, kuma ka tsaya ka karanta sunan da manhajar bankin ta nuna kafin ka sa lambar sirri. Sunan ya zama na mai gida ko na kamfanin da ya wakilta a rubuce, irin wanda ke jikin yarjejeniyar. Idan sunan wani ne daban, a kawo takardar da ta ba shi izini, ko a haɗa ka da mai gidan ta kiran bidiyo. Ka karanta sashen da ya yi maganar wa'adin tashi. A dokar da ke aiki a Abuja, mai haya ta shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida, amma idan yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta faɗi wani wa'adi daban, ita za a bi. Ka duba ko an rubuta yawan mutanen da za su zauna, domin wasu masu gidan suna sa wannan, kuma gara ka faɗi gaskiyar yawan iyalinka tun farko.

Yaya dai a ƙarshe a Garki ya kama, hawa na biyu, a wani tsohon bene da bangon matakalarsa ke neman fenti. Kuɗin ya haura abin da ya tanada, sai da ya sayar da babur ɗin da ya bari a Kano ya cika. Kicin ɗin ƙarami ne, matarsa har yanzu tana mita a kai. Makarantar yara minti 7 ce a taswira, minti 13 idan ƙaramar ta tsaya kallon ƙadangaru, kuma babu babban titi ko ɗaya a tsakani. Sabis ɗin ɗakin baƙi bai da ƙarfi, shi ya sa idan na je kwana a falo nake ajiye waya.